Wa ke da alhakin kare fararen hular Falasɗinu a lokacin yaƙi?

A ranar 6 ga Disamban 2023, wata biyu da fara ruwan bama-bamai a Zirin Gaza, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya António Guterres ya ɗauko sashe na 99 na kundin Majalisar, wanda bai taɓa amfani da shi ba tun hawansa kujera a 2017. Wannan sashe ne ke ba shi ikon jawo hankalin Kwamitin Sulhu da kansa idan ya hango abin da zai dagula zaman lafiyar duniya. Bayan kwana biyu Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta gabatar da daftarin tsagaita wuta. Ƙasashe 13 cikin 15 suka ɗaga hannu, Birtaniya ta ƙaurace, Amurka ta hau kujerar na-ƙi. Nan take daftarin ya mutu.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ce tunda Amurka na riƙe da wannan kujera, ai duniya ba ta da ta cewa. Gwamnatoci da dama ma wannan karatu ya yi musu daɗi, domin ya sauke musu nauyi. Amma dokar ƙasa da ƙasa ba haka ta raba alhakin ba. Wani kaso nasa ne kawai ke bi ta Kwamitin Sulhu. Kaso mafi tsauri yana wuyan kowace ƙasa ita kaɗai, ba ya jiran ƙuri'ar kowa a New York, kuma shi ne aka fi kawar wa kai.

Masu riƙe da makami

Nauyin farko yana kan masu yaƙin. Yarjejeniyar Geneva ta huɗu, ta 12 ga Agustan 1949, an rubuta ta ne domin fararen hular da suka faɗa hannun abokin gaba, kuma ƙasashe 196 sun shiga, ciki har da Isra'ila da Falasɗinu. Ta ɗora wa duk ƙasar da ta mamaye wani yanki ayyuka ƙayyadaddu. Sashe na 55 ya ce ita za ta tabbatar da abinci da magani ga mutanen yankin iyakar ƙarfinta. Sashe na 59 ya ce idan kayan ba su wadata ba, dole ta amince da shirin agaji daga waje, ta kuma sauƙaƙa shigarsa. Sashe na 33 ya haramta hukuncin gama-gari, wato a azabtar da jama'a kan laifin da ba su aikata ba. Sashe na 49 ya haramta korar mutane daga yankin, ya kuma haramta wa mai mamaya kawo nasa mutanen su zauna, wanda shi ne tushen haramcin matsugunan 'yan kama-wuri-zauna a Gaɓar Yamma da Kogin Jordan.

Isra'ila ta daɗe tana cewa wannan bai shafi Gaza ba, tunda ta kwashe sojoji da 'yan kama-wuri-zauna daga zirin a 2005. Kotun Duniya, ICJ, ta amsa wannan a ra'ayinta na 19 ga Yulin 2024. Ta ce Isra'ila ta ci gaba da riƙe iyakokin ƙasa da teku da sararin sama, da shige da ficen mutane da kaya, don haka nauyin mamaya bai sauka gaba ɗaya ba, yana nan gwargwadon ikon da take da shi a ƙasa. A kan wannan ma'auni ake auna furucin ministan tsaro Yoav Gallant na 9 ga Oktoban 2023, da ya ce an rufe zirin ruf, ba wuta, ba abinci, ba mai, a yankin da faɗinsa murabba'in kilomita 365 ne kuma mutum sama da miliyan 2 ke ciki.

Sai ƙa'idojin kai hari, kuma guda uku ne: a bambance mayaƙi da farar hula, kada ɓarnar da ake tsammani a kan fararen hula ta zarce amfanin sojan da ake nema, kuma a yi duk taka-tsantsan da zai yiwu. Isra'ila ba ta shiga ƙarin yarjejeniyar 1977 da ta fayyace su ba, amma sun riga sun zama dokar al'ada wadda ta hau kan kowa. Raunin yana a ta biyun. Dokar ba ta ba da lamba ba, ba ta ce farar hula kaza ne iyakar da za a rasa kan kwamanda guda ba. Kuma ana yin hukunci ne da abin da mai ba da umarni ya sani kafin ya harba, ba da yawan gawawwakin da aka tono daga ɓaraguzai ba. Bayanan da za su nuna abin da ya sani kuwa suna hannun rundunar da ta kai harin. Shi ya sa lauyoyi suka fi samun ƙafar tsayawa a batun yunwa da hana agaji, inda umarnin gwamnati ke fitowa fili, fiye da batun hari ɗaya-ɗaya.

Asibiti ba ya rasa kariyarsa sai idan an yi amfani da shi wajen cutar da abokin gaba, kuma ko a hakan sai an yi gargaɗi, an ba da wa'adi, an ƙi ji. Jinyar mayaƙin da ya ji rauni ba ta cikin abin da ke cire kariya. Haka nan umarnin ficewa. Doka ta yarda a kwashe mutane na ɗan lokaci saboda tsaronsu, da sharaɗin akwai matsuguni da ruwa da abinci a inda za su, kuma za a mayar da su. Da aka ce wa mutum miliyan 1.1 su bar arewacin Gaza a 13 ga Oktoban 2023, babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka tanada a kudu. Tsohuwar da ta kasa tafiya, ko majinyacin da ke kan na'urar numfashi, zamansu bai mayar da su mayaƙa ba.

Hamas ma dokar ta hau kanta. Kashe mutum kusan 1,200 a ranar 7 ga Oktoba, akasarinsu fararen hula, da kama 251 a yi garkuwa da su, da harba rokokin da ba a iya saita su cikin garuruwa, duk laifukan yaƙi ne. Ajiye mayaƙa da makamai a tsakiyar jama'a ma saɓa doka ne. Sai dai wannan doka ba ramuwar gayya ta sani ba. Laifin ɓangare guda ba ya halasta wa ɗayan komai, kuma farar hular da aka fake a bayansa yana nan farar hula.

Alƙawarin 2005 da inda ya maƙale

Abin da aka fi ambata idan ana wannan magana shi ne aƙidar da ake kira alhakin kariya. Ta fito ne daga kunyar Ruwanda a 1994, inda aka kashe kimanin mutum 800,000 dakarun Majalisa na kallo, da ta Srebrenica a 1995, inda aka kashe Musulmin Bosniya kusan 8,000 a garin da Majalisar da kanta ta ayyana tudun mun tsira. Wani kwamiti da Kanada ta ɗauki nauyi ya fitar da rahoto a 2001, shugabannin duniya suka amince da taƙaitaccen sigarsa a taron ƙoli na 2005, a sakin layi na 138 da 139. Laifuka huɗu kawai ta ƙunsa: kisan ƙare dangi, laifukan yaƙi, kawar da wata ƙabila daga yankinta, da laifukan cin zarafin bil'adama. A 2009 Ban Ki-moon ya tsara ta hawa uku. Kowace ƙasa ta kare mutanenta, sauran ƙasashe su taimaka mata, idan kuwa ta gaza a fili duniya ta ɗauki mataki tare, har da ƙarfin soja in ta kama.

A Falasɗinu tun daga hawan farko ake tuntuɓe. An gina aƙidar ne bisa tunanin gwamnati da talakawanta. To wace gwamnati ce ta Gaza? Hukumar Falasɗinawa da ke Ramallah ba ta da iko a zirin tun 2007, ba ta da sojan sama, ba ta riƙe da ko mashiga guda. Wadda ke riƙe da iyakokin ita ce ke kai harin. A aikace an ba kura ajiyar nama ke nan. Hawa na uku kuma, rubutun 2005 ya faɗa ƙarara cewa ta Kwamitin Sulhu za a bi, kuma kowace matsala za a duba ta ita kaɗai. Ba yarjejeniya ba ce da za a kai ƙasa kotu a kanta, sanarwar siyasa ce. Sau ɗaya aka taɓa dogara da ita aka ba da izinin yaƙar gwamnati mai ci, a Libiya da ƙuduri na 1973 a Maris 2011. Da aikin ya rikiɗe daga kare Benghazi zuwa kifar da Gaddafi, Rasha da Sin suka ce an yaudare su, kuma mutanen Siriya ne suka fara biyan wannan bashi.

A kan Gaza, Amurka ta hau kujerar na-ƙi sau shida a daftarin dakatar da wuta tsakanin Oktoban 2023 da Satumban 2025. Rasha da Sin su ma sun kashe daftarin Amurka sau biyu, suna cewa bai nemi tsagaita wuta kai tsaye ba. Ko da ƙuduri ya tsallake, ba a gama ba. A 25 ga Maris 2024 an zartar da na 2728 da ya nemi a dakatar da wuta a watan Ramadan, Amurka ta ƙaurace maimakon ta hana, sannan jami'anta suka fito suka ce ƙudurin ba na dole ba ne, duk da sashe na 25 na kundin Majalisar ya wajabta bin shawarwarin Kwamitin. Ba a daina harbi ko yini guda ba.

Wasu na cewa to a koma Babban Zaure, inda babu kujerar na-ƙi. Hanyar tana nan tun 1950, ƙarƙashin ƙuduri na 377, kuma an bi ta. A 12 ga Disamban 2023 ƙasashe 153 suka nemi tsagaita wuta, 10 suka ƙi. A 18 ga Satumban 2024 ƙasashe 124 suka ba Isra'ila wata 12 ta kawo ƙarshen mamaya. Amma Zauren shawara yake bayarwa, ba umarni ba. Masu kawo misalin rundunar da Zauren ya kafa a rikicin Suwez na 1956 sukan manta cewa da yardar Masar ta shiga, kuma ranar da Nasser ya ce ta fita a 1967, fita ta yi.

Neman a turo masu kariya ma ba yau aka fara ba. Bayan Baruch Goldstein ya kashe masallata 29 a Masallacin Annabi Ibrahim da ke Al-Khalil a Fabrairun 1994, ƙuduri na 904 ya nemi a kare Falasɗinawa, aka kawo 'yan sa-ido daga ƙasashe irin su Norway da Italiya. Ba su da makami, rahotanninsu na sirri ne, kuma a Janairun 2019 Netanyahu ya ƙi sabunta musu izini suka tattara. A 2018, bayan harbe-harben zanga-zangar kan iyakar Gaza, Guterres ya jera zaɓi huɗu, daga ƙara ma'aikatan Majalisa har zuwa rundunar 'yan sanda ko soja. Kowanne sai da yardar Isra'ila ko izinin Kwamitin Sulhu. Rahoton ya shiga kabad.

Nauyin da ba ya jiran New York

Sashe na 1 na dukkan yarjejeniyoyin Geneva huɗu ya ce ƙasashe za su mutunta su, su kuma tabbatar an mutunta su, a kowane hali. Wannan jimla ta biyu ce ta jawo ƙasashen da ba sa yaƙin cikin maganar, tun daga Jamus har Najeriya da Nijar. Kotun Duniya ta tabbatar da haka a ra'ayinta kan katangar Gaɓar Yamma a 9 ga Yulin 2004, ta maimaita a 2024, ta ƙara da cewa kada wata ƙasa ta amince da halascin mamayar ko ta taimaka wajen ɗorewarta.

Yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948 ta fi wannan kaifi. A shari'ar Bosniya da Sabiya a 2007, kotun ta ce nauyin hanawa yana farawa ne daga lokacin da ƙasa ta san, ko ya kamata ta san, akwai babban haɗarin aukuwar laifin. Ba sai an tabbatar ya auku ba. Kuma ana auna kowace ƙasa da ƙarfin faɗa-a-jinta kan mai aikatawa: kusanci, alaƙar siyasa, kuɗi, makamai. An kama Sabiya da laifi ba don ita ta yi kisan Srebrenica ba, sai don tana da hanyar hanawa ta naɗe hannu.

Da wannan ya kamata a karanta umarnin Kotun Duniya na 26 ga Janairun 2024 a ƙarar da Afirka ta Kudu ta shigar kan Isra'ila. Ana yawan yi masa ƙari. Kotun ba ta ce an yi kisan ƙare dangi ba, kuma a ranar ba ta umarci tsagaita wuta ba. Abin da ta ce shi ne haƙƙin Falasɗinawan Gaza na samun kariya daga wannan laifi abin dubawa ne, kuma akwai haɗari na gaske na ɓarnar da ba ta gyaruwa. Wannan kaɗai ya isa, domin daga ranar babu ma'aikatar harkokin wajen da za ta ce ba ta da labari. A Satumban 2025 kwamitin binciken Majalisa ƙarƙashin Navi Pillay ya ce a nasa binciken laifin ya auku, Isra'ila ta yi watsi da rahoton.

Inda nauyin ya fi fitowa fili shi ne lasisin makamai. Cibiyar SIPRI da ke Stockholm ta ƙiyasta cewa tsakanin 2019 da 2023 kashi 69 cikin 100 na manyan makaman da Isra'ila ta shigo da su daga Amurka suke, kashi 30 daga Jamus. Ƙasashe biyu ke nan. Amurka na ba da dala biliyan 3.8 kowace shekara ƙarƙashin yarjejeniyar shekara goma da aka sa wa hannu a 2016. Yarjejeniyar cinikin makamai da ta fara aiki a 2014 ta haramta sayarwa idan an san za a yi laifin yaƙi da kayan, ta kuma wajabta auna haɗari kafin a ba da lasisi. Jamus da Birtaniya da Holan suna ciki, Amurka ba ta ciki, amma tana da dokokinta na gida, ciki har da wadda ta hana taimakon soja ga ƙasar da ke tare agajin jin ƙai na Amurka.

Dubi yadda aka yi da su. A Fabrairun 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara a Hague ta umarci gwamnatin Holan ta daina tura wa Isra'ila kayan gyaran jirgin yaƙi samfurin F-35. A Satumban 2024 Birtaniya ta dakatar da lasisi kusan 30 cikin 350, amma ta ware kayan F-35, da hujjar cewa suna shiga rumbun haɗin gwiwa ne na ƙasashe da yawa, ba a iya ware na Isra'ila. Jamus ta dakatar da wani ɓangare a Agustan 2025, ta janye dakatarwar a Nuwamba. A Oktoban 2024 sakataren harkokin wajen Amurka Antony Blinken da na tsaro Lloyd Austin sun rubuta wa Isra'ila wasiƙa, suka ba ta kwana 30 ta bar tirela 350 su riƙa shiga kullum. Wa'adin ya cika ba a kai adadin ba, makamai suka ci gaba da tafiya. A duk waɗannan ba dokar ce ta ɓace ba. Wanda zai auna haɗarin shi ne mai sayarwa, kuma yakan karɓi tabbacin baki daga mai saye a matsayin hujja.

Ƙasashen Larabawa da na Musulmi ma ma'aunin bai tsallake su ba. Taron Riyadh na 11 ga Nuwamban 2023 ya yi kira a karya ƙawanyar a shigar da agaji, amma babu ayarin da ya shiga ba tare da izinin Isra'ila ba. Matsayin Masar yana da wuyar gaske, a yi mata adalci: buɗe iyaka ga masu gudu zai ceci rayuka, amma waɗanda aka kora a 1948, sama da mutum 700,000, ba a taɓa bari sun koma ba, kuma Falasɗinawa da kansu suna tsoron maimaici. Sai dai wannan uzuri bai shafi ciniki da jakadanci ba. Turkiyya ta sanar da dakatar da ciniki a Mayun 2024, Kolombiya ta hana sayar da kwal. Ƙasashen da suka ƙulla hulɗa da Isra'ila a 2020 kuwa ba wadda ta yanke ta.

Kariya a bakin mashiga

Ga mutumin da ke cikin tanti a Mawasi, yankin bakin teku a kudancin Gaza da 'yan gudun hijira suka taru, kariya tana nufin tirela. Kafin yaƙin kimanin 500 ke shiga zirin a kowace ranar aiki, a lokacin da gonaki da gidajen burodi da kamun kifi ke aiki. Ayarin farko bayan rufewa ya shiga ta Rafah a 21 ga Oktoban 2023, tirela 20. Hanyar kanta doguwa ce. Kaya su sauka a Al-Arish ta Masar, a kai su wurin binciken Isra'ila, a sauke a filin mashigar Karam Abu Salim, sannan wasu motocin daga cikin Gaza su zo su ɗauka, in an ba su izinin hanya, in akwai man dizal, in direba ya yarda ya sa ransa. Ƙungiyoyin agaji sun sha kokawa cewa abu guda da aka ce soja na iya amfana da shi, kamar janareta ko tukunyar iskar numfashi ko sandar tanti, kan sa a mayar da mota da lodinta duka ta sake layi. Shi ya sa adadin da Isra'ila ke cewa ya shiga da wanda Majalisa ke cewa ta ɗauka ba sa daidaita: ɗaya na ƙirga abin da aka sauke a fili, ɗayan na ƙirga abin da ya isa rumbu.

Akwai tsarin da ƙungiyoyi ke ba sojoji lambar wurarensu da hanyar motocinsu don kada a harbe su. A 1 ga Afrilun 2024 ma'aikatan ƙungiyar agajin abinci ta World Central Kitchen bakwai suka mutu a harin Isra'ila kan motocinsu uku, a hanyar da aka riga aka sanar, Isra'ila ta ce babban kuskure ne. Da 'yan sandan Gaza suka daina rakiya saboda ana kai musu hari, 'yan fashi suka cike gurbin. A Nuwamban 2024 an wawashe tirela 98 cikin ayarin 109 a dare guda.

Ƙasashen da ba su son matsa lamba a buɗe hanyar ƙasa sai suka koma sama da teku. Abin da jirgi guda ke jefowa yawanci bai kai lodin tirela ɗaya ba, kuɗinsa ya ninka, kuma a Maris 2024 lemar da ta ƙi buɗewa ta kashe mutum biyar. Gadar ruwan da Amurka ta gina a kan dala miliyan 230 ta yi aiki kusan kwana 20 kacal, igiyar ruwa na ɓalle ta. Daga 2 ga Maris 2025 aka rufe komai har mako goma sha ɗaya. Da aka buɗe, sai aka kawo gidauniyar rabon abinci ta GHF mai samun goyon bayan Amurka da Isra'ila, da cibiyoyi huɗu a madadin wuraren rabo kusan 400 na tsarin Majalisa, a yankunan da soja ke iko. Zuwa ƙarshen Yuli ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisa ya ƙirga sama da mutum 1,300 da aka kashe wajen neman abinci, fiye da 800 a kewayen cibiyoyin. A 22 ga Agusta tsarin IPC, wanda ake auna tsananin yunwa da shi a duniya, ya ayyana bala'in yunwa a lardin Gaza. Ba a wannan ayyanawa sai gida ɗaya cikin biyar ya rasa abinci matuƙa, tamowa mai tsanani ta kama kusan yaro ɗaya cikin uku, kuma mutum biyu cikin kowane 10,000 na mutuwa kullum. Isra'ila ta ƙaryata rahoton.

Ƙashin bayan rabon shi ne UNRWA, hukumar Majalisa mai kula da 'yan gudun hijirar Falasɗinu, mai ma'aikata kusan 13,000 a Gaza. A ranar da Kotun Duniya ta ba da umarninta na farko, a ranar ce labari ya fito cewa Isra'ila na zargin 12 daga cikinsu da hannu a harin 7 ga Oktoba, kuma cikin 'yan kwanaki manyan masu ba da kuɗi fiye da goma suka dakatar. Binciken Majalisa ya kai ga sallamar mutum tara, akasarin ƙasashen suka dawo, ban da Amurka. Majalisar dokokin Isra'ila ta haramta hukumar a Oktoban 2024. A 22 ga Oktoban 2025 Kotun Duniya ta ce Isra'ila ba ta tabbatar da zargin cewa wani kaso mai yawa na ma'aikatan 'yan Hamas ne ba, kuma dole ta sauƙaƙa agajin Majalisa, har da na UNRWA.

Kotu da runduna

Kotuna biyun da ke Hague ba su da ɗan sanda ko ɗaya. Idan ƙasa ta ƙi bin hukuncin ICJ, sashe na 94 na kundin Majalisa ya mayar da maganar Kwamitin Sulhu, wato inda aka baro. A 24 ga Mayun 2024 kotun ta umarci a dakatar da farmakin Rafah, bayan kwana biyu hari ya ƙone tantuna a Tal al-Sultan, mutum 45 suka mutu. Shari'ar Bosniya an shigar da ita a 1993, hukunci ya fito a 2007. Ga wanda ke ƙarƙashin bam, wannan ihu ne bayan hari.

Kotun Hukunta Manyan Laifuka, ICC, mutane take tuhuma ba ƙasashe ba, kuma ta samu hurumi ne saboda Falasɗinu ta shiga a 2015. A 21 ga Nuwamban 2024 ta ba da sammacin kama Netanyahu da Gallant, babban zargin shi ne amfani da yunwa a matsayin makamin yaƙi, da kuma Mohammed Deif na Hamas, wanda aka soke nasa bayan tabbatar mutuwarsa. Kamun yana wuyan ƙasashe mambobi sama da 120. A Afrilun 2025 Hungary ta shimfiɗa wa Netanyahu jar darduma, Amurka kuma ta sa wa mai gabatar da ƙara da wasu alƙalai takunkumi. Ba Turawa kaɗai ke wannan ba, Afirka ta Kudu da kanta ta bar Omar al-Bashir ya tashi daga ƙasarta a 2015 da sammaci a kansa. Akwai kuma hanyar da ba a cika bi ba: sashe na 146 na yarjejeniyar Geneva ta huɗu ya wajabta wa kowace ƙasa ta nemi wanda ake zargi da manyan laifukan yaƙi idan ya taka ƙasarta, ko ɗan ina ne, ta gurfanar da shi a kotunta ko ta miƙa shi.

Wutar da ta tsagaita a 10 ga Oktoban 2025, bayan ma'aikatar lafiyar Gaza ta ƙirga mamata sama da 67,000, ba kotu ce ta tsayar da ita ba. Matsin lambar Washington ne, da shiga tsakanin Katar da Masar da Turkiyya, wato ƙasashen da ke da faɗa-a-ji kan ɓangarorin, irin waɗanda hukuncin 2007 ke magana a kai. Sojojin Isra'ila suka ja baya zuwa wani layi da ya bar musu kusan rabin zirin, kuma ba a daina kashe mutane gaba ɗaya ba.

A 17 ga Nuwamban 2025 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri na 2803 da ƙuri'a 13, Rasha da Sin suka ƙaurace. An ba da izinin rundunar ƙasa da ƙasa a Gaza, zuwa ƙarshen 2027. Amma ba rundunar masu shuɗiyar hular Majalisa ba ce, tana ƙarƙashin wata hukumar zaman lafiya da Donald Trump ke shugabanta, kuma za ta yi aiki ne tare da Isra'ila da Masar. An haɗa mata ayyuka biyu a takarda guda: ta kare fararen hula da ayarin agaji, ta kuma tabbatar an raba zirin da makamai. Hamas ta ce na biyun ya mayar da rundunar ɓangare a yaƙin, kuma ƙasashe da dama da aka nemi su ba da soja sun yi ta jan ƙafa kan wannan batu. Ƙudurin bai fayyace abin da kwamandan rundunar zai yi ba idan harsashin da ke kashe farar hula daga ɓangaren Isra'ila ya fito, kuma aikin rundunar bai kai Gaɓar Yamma ba, inda hare-haren 'yan kama-wuri-zauna da rusau a sansanonin Jenin da Tulkarm suka raba dubun dubatar mutane da gidajensu a 2025.